Batir a ƙirji, waya a ƙwaƙwalwa: amsar da nake ba iyalan masu cutar Fakinson

Kwanakin baya wani matashi ya kawo mini mahaifinsa asibiti, tsohon tela wanda yanzu ko zare ba ya iya zurawa a allura. Ban gama duba Baba ba ɗan ya miƙo mini wayarsa. "Likita, dubi nan. Ana kunna wa Baturen nan na'ura rawar hannunsa ta tsaya cak. Nawa ake yi?"

Bidiyon gaskiya ne, amma rabin labari ya bayar.

Cutar Fakinson tana samuwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a can cikin ƙwaƙwalwa suka riƙa mutuwa. Babu ruwan sammu ko iska a ciki. A ƙwaƙwalwar mai lafiya, ƙwayoyin da ke kula da motsi tamkar 'yan kasuwa suke, kowa da cinikin da ke gabansa, saƙo yana wucewa salin-alin. Da dofamin ya yi ƙaranci sai su haɗa baki su kama bugu iri ɗaya, sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa, har umarnin "ɗaga ƙafa" ya rasa ta inda zai bi. Bugun beta muke ce masa. Gwargwadon ƙarfinsa, gwargwadon yadda jiki ke sandarewa, tafiya ta koma jan ƙafa.

Maganin lebodofa yana shiga ƙwaƙwalwa ya rikiɗe ya zama dofamin, bugun nan ya lafa, jiki ya saki. Shekarun farko sai hamdala. Daga baya ƙwayar da ke kai mutum awa biyar sai ta koma ba ta wuce biyu ko uku, kuma idan ta yi yawa a jini jiki ya kama murɗe-murɗe da kansa. Nan ne iyalai da dama ke zaton ciwon ne ya tashi, su ƙara masa ƙwaya, alhali ita ce ta jawo.

Irin waɗannan marasa lafiya aka fi yi wa aikin da ɗan Baba ya gani. Likita Alim-Louis Benabid da abokan aikinsa suka fara shi a birnin Grenoble na Faransa a 1987. Ana zura siririyar waya zuwa wani ɗan gurbi a cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa ta da batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, ta riƙa aika lantarki kaɗan-kaɗan, wajen sau 130 a daƙiƙa. Shi ma bugun beta yake wargazawa, sai dai ba ya hawa da sauka irin na ƙwaya. A 2025 Amurka ta amince da wata na'urar da ke sauraron bugun ta daidaita kanta.

Aikin ba ya dawo da ƙwayoyin da suka mutu, ba ya kuma tsayar da cutar. In ban da rawar hannu, abin da lebodofa ya kasa gyarawa da wuya na'ura ta gyara. Mai matsalar mantuwa ba a yi masa, wasu kuma maganarsu takan ƙara nauyi bayan aikin. Magani raguwa yake yi, ba a cika daina shi ba. Ga tsada, ga komawa saiti, ga canjin batir.

Da na bincika, ashe Baba sai ya tuna yake shan maganinsa, galibi bayan ya ci wake ko nama, waɗanda ke tare wa lebodofa hanya a hanji. Muka tsayar masa da lokuta, rabin awa kafin abinci. Da ya dawo, da kansa ya tashi daga kujera ya ba ni hannu.

Jama'a, in kuna da mai wannan lalura a gida, ku rubuta lokacin da ya sha magani da lokacin da jikinsa ya sake ɗaurewa, ku zo mana da takardar. Kuma don Allah ku sayo wani maganin kafin na hannu ya ƙare, domin yanke shi farat ɗaya yana iya kai mutum gadon asibiti.