Mu Koyi Turanci: Kalmar "Entertain" Da Ma'anoninta Uku

 Darasinmu na yau a kan kalma ɗaya ne tak, wato "entertain". Da yawa daga cikinmu da an ambace ta sai mu tuna da waƙa da wasan kwaikwayo. To amma wannan ma'ana ɗaya ce daga cikin uku, kuma rashin sanin sauran biyun kan sa mace ta karanta sanarwar makaranta ko ta ofis ta fahimce ta a baibai, har damarta ta wuce ba ta sani ba.

Kalmar aikatau ce, kuma ta shigo Turanci ne a ƙarni na 15 daga tsohon Faransanci, inda ake cewa "entretenir". Ɓangarenta na ƙarshe, "tenir", ma'anarsa riƙewa. Ki kama wannan da kyau, domin duk ma'anonin nan uku riƙo ne: riƙon baƙo, riƙon hankalin mutane, da riƙon magana a zuciya. Wajen furuci gaɓa uku ce, en-ta-tein, ana kuma danna murya a gaɓar ƙarshe. Wajen rubutu da harafin e take farawa, kada ki rubuta "intertain".

Ma'ana ta farko: karɓar baƙi

Wato ki sauki mutane a gidanki, ki ba su ci da sha, ki zauna ki yi hira da su. Misali: "My aunt entertained ten guests on Friday." Nufi, gwaggona ta karɓi baƙi goma ranar Juma'a. Lura fa, babu wanda ya ce ta yi musu rawa ko waƙa, abinci ne da tarba. Ana iya amfani da kalmar ko ba a ambaci baƙin ba: "We do not entertain often", wato ba mu cika gayyatar baƙi ba. Daga nan ne aka samo "entertainment allowance" da za ki gani a takardar albashin wasu manyan ma'aikata. Kuɗin karɓar baƙi ne.

Ma'ana ta biyu: nishaɗantarwa

Wannan ita ce wadda kowa ya sani, wato ɗebe wa mutane kewa. Misali: "Grandmother entertained the children with folktales." Kaka ta nishaɗantar da yara da tatsuniyoyi. Abin da aka yi nishaɗin da shi, "with" ake sa masa a gaba. Tana da ƙawa mai suna "amuse", sai dai ita ta fi karkata ga abin dariya, alhali labari mai ban tausayi ma yana iya riƙe hankalin mai sauraro.

A nan ne ɗalibai suke yawan tuntuɓe. "The story is entertaining" yana nufin labarin yana da daɗin ji. "I was entertained" yana nufin ni ce na ji daɗin. Mai ƙarewa da "ing" shi ke bayar da nishaɗi, mai ƙarewa da "ed" shi aka nishaɗantar. Sunan abin shi ne "entertainment", mai sana'ar kuma "entertainer".

Ma'ana ta uku: saurara ko dubawa

Wannan ce ta fi muhimmanci gare ki, domin ita ce ta takardun hukuma. Idan abin da ya biyo bayan kalmar buƙata ce, ko ƙorafi, ko tambaya, ko shawara, to ma'anarta a yarda a saurara. Za ki ga an rubuta a ƙasan tallar neman aiki ko gurbin karatu: "Late applications will not be entertained." Abin da ake gaya miki shi ne, duk takardar da ta iso bayan ranar rufewa, ko kallonta ba za a yi ba. Haka idan makarantar yaranki ta rubuto "No complaint will be entertained after two weeks", to mako biyu gare ki ki kai kukanki, in kin wuce haka ƙofa ta rufe.

A wajen taro shugaba kan ce, "I will now entertain questions", wato yanzu zan saurari tambayoyi. A kotu kuma, in aka ce "The court refused to entertain the case", alƙali ya ƙi sauraron ƙarar ke nan. Wannan daban yake da a saurari shari'a a yanke hukunci a ce kin yi asara. Akwai kuma na zuciya: "She entertained no doubt", wato ba ta bar shakka ta zauna mata ba.

To yaya za ki gane wacce ake nufi? Dubi abin da ya biyo bayan kalmar. In baƙi ne a gida, tarba ce. In yara ne ko 'yan kallo, nishaɗi ne. In kuwa abin ba mutum ba ne, to saurara ce ko tunani.

Aikin gida

Ki juya waɗannan zuwa Hausa, ki kuma faɗi ma'anar da kowacce ta ɗauka:

1. The bride's mother entertained her in-laws.
2. The headmistress will not entertain excuses.
3. The play entertained the whole class.

In kin gama, ki kira 'yarki ko ƙanwarki da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ku duba tare. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A huta lafiya.