Hutu da Ƙananan Yara a Birnin Dabo: Shawara ga Iyaye

Duk wanda ya shigo Kano da goyo da ɗan yaye yana neman wurin hutu irin wanda ake tallatawa a talabijin, mai lambu da wurin ninƙaya da masu tausa duk a harabar gida ɗaya, to kada ya nufi cikin ganuwa. Cikin birni lungu ne da zaure da soro, ga ƙarar adaidaita sahu tun hantsi har bayan isha. Hutun kuwa ana samunsa, sai dai a rarrabe yake: gyaran jikin uwargida yana gidajen mata, iska mai daɗi tana bayan gari, kallon kayan tarihi kuma da sanyin safiya ake yinsa. Sarakunan Kano ma ba su taƙaita zamansu a Gidan Rumfa ba. Suna da gidaje a Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, waɗanda a da duk wajen gari ne, bisa al'ada kuma ana hawan Sallah zuwa can.

Ku fara da zaɓen lokaci. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ba ta yaro ba ce: zafi yakan haura digiri 40, kuma a rani ne sanƙarau ya fi yaɗuwa. Damina tana da kyan gani, amma ga sauro, ga kwatocin lungu da ke ambaliya. Ni dai na fi son Nuwamba, an gama kaka, hunturu bai kankama ba. In kuma sai a hutun Disamba za ku samu dama, ku zo da rigunan sanyi da hula da man kaɗanya, don hazo yana busar da leɓen yara ya tayar musu da tari. Mai ciwon asma kada a baro maganinsa a gida.

Masauki kuwa, in ba ku da 'yan'uwa a cikin gari, ku nema a Nassarawa ko Bompai, ku riƙa shigowa birni da safe. Kafin ku biya kuɗi ku tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta, ku kuma duba ko tagogi suna da raga. Gidan sauro na tafi-da-gidanka ba shi da nauyi a jaka.

A cikin birni, wuri ɗaya a rana ya isa. Gidan Makama, gidan kayan tarihi wanda ake danganta gininsa da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), shi ya fi dacewa da mai yara, domin ginin ƙasa ne mai kauri, cikinsa da sanyi, ga tsakar gida da yaro zai ɗan zagaya. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana burge yara ƙwarai. Za su ga marini ya tsoma farin ƙyalle a rijiyar baba, ya ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a gaban idonsu. Amma rijiyoyin nan a ƙasa suke, bakinsu daidai da inda ake takawa, kuma suna da zurfi, saboda haka hannun ɗan yaye kada ya bar naku. Dutsen Dala a hau shi kafin rana ta ɗaga, kuma maigida ya san cewa a saukowa shi ne abin hawa. Kasuwar Kurmi ba ta keken tura jarirai ba ce. Zanen goyo ne maganinta. Ran Juma'a daga wajen ƙarfe 12 ku nisanci kewayen babban masallaci da Ƙofar Kudu da mota, sai dai in sallar kuka zo.

Sai gyaran jiki, wanda a nan ne Kano ta fi ƙarfi. Abin da ake biyan maƙudan kuɗi a kansa a otal-otal na Dubai, a nan mata ne ke yinsa a ɗakunansu, kuma da yawansu sukan zo har masauki da kayan aikinsu. Akwai dilka, wadda ake murzawa a fata ta kwashe dauɗa, da halawa ta sukari da lemon tsami mai cire gashi, da turaren tsuguno, da humra, sannan a rufe da lalle da kitso. Dilka da halawa da turaren nan ta hanyar Sudan da Barno suka iso mana, shi ya sa za ku ji ana yabon hannun Shuwa da Barebari. Ba amarya kaɗai ake yi wa ba. Uwar da ta shekara biyu tana shayarwa ta fi kowa cancanta. Sai dai aiki ne mai cin sa'o'i, don haka a tsara tun kafin a zo: ranar gyaran jiki, yara na wurin babansu ko gwaggonsu. A kai su gidan zu na Audu Baƙo da ke titin Zoo Road, su dawo a gajiye.

A nan akwai abin lura. Ki tambayi mai dilka me da me ta haɗa, ki gaya mata ba kya son man bilicin, domin wasu sukan zuba don fata ta yi saurin haske, mai shayarwa kuma jikinta a jikin jariri yake. Hayaƙin turare ya tsaya a ɗakin da babu yaro. In 'yar ƙaramarki ta nace sai an yi mata ƙunshi, a yi mata jan lalle na ganye. Baƙin da ake zane da shi sau da yawa rinin gashi ne, yakan sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje. Jariri kam ko jan lallen a ƙyale shi, haka ma kwalli, wanda ake yawan samun dalma a cikinsa. Maigida in yana sha'awar ƙaho a wurin wanzami, ya tabbatar sabuwar reza aka ɓare a gabansa. In kuma aka ce a kawo yaro a cire masa beli, amsar ita ce a'a, cikin ladabi.

Ranar fita bayan gari, Tiga ce zaɓina. Madatsar ruwa ce da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a mulkin Gwamna Audu Baƙo, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Hanyar ma kanta abin kallo ce: ku bi titin Zariya, ku ratsa Kura da Kadawa, inda ruwan Tiga ke shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir ko da tsakiyar rani. Yaron birni da bai taɓa ganin shinkafa a wajen buhu ba zai sha mamaki. Za ku wuce Bagauda, inda tsohon otal ɗin bakin tafki ya zama makarantar horar da lauyoyi. Ku ɗauki tabarma da abinci da ruwan sha, ku je ku dawo a yini ɗaya, kuma ku kamo hanya tun farkon la'asar, kada magariba ta same ku a titi. Komai kyan ruwan, kada yaro ya shiga, ko da iya ƙafa ne, saboda tsargiya ta fata take shiga jiki. Kwalekwalen da babu rigar kariya a cikinsa ma a bar wa masunta. Dajin Falgore yana gaba can, amma da nisa, ba kuma wurin da zan tura mai goyo ba ne.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Masa da zafinta, gurasar Jakara, ɗanwake, kunun gyaɗa, duk yara suna so, a dai ce a rage yaji. Abin da za a yi hattara da shi shi ne ƙanƙara, da zoɓo da kunun zaƙi na leda, da nonon da ba a dafa ba. A jaka a ajiye fakitin ruwan gishiri da sukari, da maganin zazzaɓi na yara, da katin rigakafi.

In zazzaɓi ya kama yaro, a gwada jini tun ranar, kada a tsaya sai an koma gida. Asibitin yara na Hasiya Bayero yana kusa da gidan sarki, na Murtala yana wajen Ƙofar Mata, na Malam Aminu Kano kuma yana titin Zariya. Ku sa direba ya nuna muku hanyarsu tun ranar da kuka sauka. Allah ya kawo ku lafiya, ya raya mana zuri'a.