Kafin ka sayi kare, je ka ga uwarsa

Darasinmu na yau a kan kare ne. A birnin Yamai gidaje da yawa suna da kare. Wasu sun ajiye shi don gadin gida, wasu don tsaron garka a bakin kogin Isa. Yanzu kuma ana kawo karnukan ƙasashen waje, ana tallarsu a bakin hanya da ta wayar salula. Mutum ya ga kwikwiyo mai kyau, ya biya kuɗi, ya kai gida. Bai san inda aka haife shi ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kare zai zauna tare da ƴaƴanmu shekara 10 ko fiye. Saboda haka dole mu san hannun da ya fito.

Wane irin kare ya dace da mu?

Mu ɗauki misalin wani ƙaramin kare da ake sha'awa. Faransawa suna ce masa karlan, masu Ingilishi suna ce masa fug. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. Nauyinsa kilo 6 zuwa 8. Fuskarsa a shafe take, hancinsa gajere ne ƙwarai.

Kare ba ya yin gumi kamar mutum. In zafi ya dame shi, sai ya zaro harshe ya yi ta haki, jikinsa ya huce. Karlan kuwa hanyar numfashinsa a matse take, hakin ba ya isarsa. A Yamai, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce awo 40. Irin wannan zafi yana iya kashe shi cikin yini guda. Ko a Turai an gane wahalar da yake sha. A shekarar 2019 ƙasar Holan ta tsananta doka a kan masu kiwon karnuka masu gajeren hanci. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi da kuɗin likita, ya haƙura da shi.

Karen gida namu ya saba da zafi da ƙura. Kada mu raina shi. Dubi karen Azawak, wanda Buzaye suke kiwo tsakanin Nijar da Mali. Tun wajen shekarun 1970 aka kai shi Turai, yau ana ji da shi a can.

Yadda za mu gane mai kiwo na kirki

1. Yana yarda mu je gidansa. Gani ya kori ji. In ya ce mu haɗu a bakin titi, mu janye.
2. Yana nuna mana uwar tare da ƴaƴanta. Mu duba ko tana da ƙoshin lafiya, da kuma halinta. Karya mai yawan tsoro ko mai yawan faɗa, sau da yawa ƴaƴanta sukan biyo ta.
3. Ba ya raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8. Wanda aka cire da wuri yakan yi rauni.
4. Yana da karne, wato takardar allurar rigakafi, mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun likitan dabbobi.
5. Shi ma yana yi mana tambayoyi: ina karen zai kwana, wa zai ba shi abinci? Wanda kuɗi kaɗai ya dama ba ya tambaya.

Mu duba kwikwiyon da kanmu. Idonsa ya zama garau, babu kwantsa. Hancinsa babu majina. Jikinsa babu kaska, babu ƙazuwa. Kada ya kasance yana zawo. Ciki kumburarre alamar tsutsa ce. In karlan ne, mu saurari numfashin uwar. In tana gurnani alhali tana kwance, to ba lafiya ba ce.

Karen da ba a saya ba

Ba dole ne sai an biya kuɗi ba. Karyar maƙwabci takan haihu. Wani kuma zai bar gari, yana neman wanda zai riƙe masa karensa. Karɓar irin wannan kare alheri ne, kuma mun san tarihinsa. Amma shi ma mu tambayi karne.

Kwikwiyon da aka tsinto a juji kuwa, sai an yi hattara. Kada yara su taɓa shi. A kai shi wurin likitan dabbobi tukuna.

Me ya sa muke jan kunne haka?

Saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu. Cikin kowane mutum 10, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ko ɗan kwikwiyo yana iya ɗauke da cutar. Da zarar alamunta sun bayyana ga mutum, babu magani.

Amma akwai rigakafi. Ana yi wa kare allura in ya kai wata 3, a riƙa sabunta ta yadda likitan dabbobi ya faɗa. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. A tafi likita a ranar, kada a jira. A ɗaure karen, a sanar da ma'aikatan kiwo, su sa masa ido aƙalla kwana 10.

Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Mu je, mu gani, mu tambaya, kana mu ɗauko.

Tambayoyi

1. Me ya sa zafin Yamai yake wahalar da karlan?
2. Sati nawa kwikwiyo zai yi tare da uwarsa?
3. In kare ya ciji yaro, me za mu fara yi?