In za ka bikin Pasifika, ka bar agogo a masauki

Wanda ya saba da taron da ake jera kujerun manyan baƙi a gaba zai ɗan rikice ranar da ya fara shiga bikin Pasifika a birnin Oklan na ƙasar Niyuzilan. A watan Maris ake yin sa, a filin shaƙatawa na Western Springs, kuma shiga kyauta ne. Ana kasa filin zuwa “ƙauyuka”, na Samowa, na Tonga da sauransu, kowanne da dandalinsa da rumfunan abincinsa. Ba mai nuna maka wurin zama. Kaka tana kishingiɗe a tabarma, jikoki suna guje-guje, ganguna na tashi.

Kada ka ce sai ka zagaye filin duka, gajiya kawai za ka kwasa. Zaɓi ƙauye biyu ko uku, ka nemi inuwa ka zauna. In rawar da aka ce ƙarfe 11 ba ta fara ba har rana ta take, ba wanda zai ba ka haƙuri, don ba wanda ya ga laifi. Riƙe malafa da ruwa, ranar Niyuzilan tana ƙona fata ko da iska na kaɗawa.

To amma sakin jiki daban, rashin ladabi daban. A nan baƙi suka fi yin tuntuɓe. Mutanen Samowa ba sa giftawa ta gaban wanda ke zaune sai sun rusuna sun ce “tulou”, kamar dai “gafara” tamu. In ka zauna a tabarma ka tanƙwashe ƙafa, kada ka miƙe ta wajen dattijo. Aka rataya maka sarƙar furanni, wadda 'yan Hawayi ke kira “lei”, ka bar ta a wuya muddin mai kyautar na ganinka.

Abinci kuwa sai da tambaya. Gwaza da ayaba da aka gasa a kan duwatsu masu zafi, girkin da ake kira “umu”, suna da daɗi, haka ganyen gwaza da madarar kwakwa. Sai dai naman alade shi ne sarkin liyafa a yawancin tsibiran nan, kuma sau da yawa tare ake gasa su. Musulmi ya tambaya kafin ya miƙa kuɗi. Kifi da 'ya'yan itace ba sa yankewa. Kava, ruwan saiwar da ake miƙawa a ɓawon kwakwa, ba giya ba ce, amma tana kashe harshe ta saukar da kasala. Kana iya ƙin sha cikin mutunci.

Abin da ni ya fi burge ni, su ma suna liƙi. A rawar “tau'olunga” ta Tonga, ana shafe budurwa da man kwakwa, dangi su riƙa manna mata kuɗi a kafaɗa. Baƙo ma yana iya tashi. Tanadi canji, ka tuna takardar kuɗi mafi ƙanƙanta a Niyuzilan ita ce ta dala 5.

Kada fa ka ɗauki wannan sakewa ka kai ta ko'ina. Bikin Heiva na Tahiti a watan Yuli, da bikin Merrie Monarch na garin Hilo a Hawayi, kowanne gasa ce ta gaske, da alƙalai da lokacin farawa. Waɗannan ka nemi tikiti tun da sauran watanni.