DARASIN GONA: ME YA SA ƘASARMU TA KASU TUDU DA KWARI?

Ƴan'uwa manoma, kowa ya san gonar jigawa daban take da gonar fadama. Mutumin Adar yana noma tsakanin duwatsu, mutumin Maraɗi yana noma rairayi. A wannan darasi za mu ga mafarin wannan bambanci, da amfanin saninsa ga mai gona.

Ƙasa tana motsi

Masana sun gano cewa ɓawon duniya ya kasu manyan ɓangarori. Suna tafiya a hankali ƙwarai, kamar yadda farce ke tsiro. A ƙarƙashinsu akwai zafi mai narkar da dutsi. Wannan motsi da wannan zafi su ne ke ɗaga wani wuri, su dulmuya wani. Haka duwatsun Abzin suka ɗaga a arewa da Agadas. Tsaunin Bagazan ya kai mita 2,022, babu wanda ya fi shi tsawo a Nijar. Manyan duwatsun nan na Birnin Damagaram su ma narkakken dutsi ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa, daga baya ruwa da iska suka tone shi. Irin wannan dutsi ba ya riƙe ruwa sosai. Shi ya sa rijiya take da wuya a garin Damagaram.

Adar ta taɓa zama teku

Yankin Tawa kuwa dulmuya ya yi, har teku ya shigo ya rufe shi, wajen shekara miliyan 60 da suka wuce. Ɓawon ƙananan halittun ruwa ya taru a ƙasan tekun, ya zama farin dutsi. Da shi ake yin siminti a Malbaza. Har yau ana tsintar haƙoran kifi da katantanwa da suka zama dutsi a Adar. Bayan teku ya janye, saman ƙasar ya ƙeƙashe ya zama marmara, wato jan dutsin nan mai ƙarfe. Ruwan sama ya yi ta cin wuraren da suke da laushi, ya bar masu tauri a tsaye. Masu taurin su ne tudunan Kaita da Buza. Wuraren da ruwa ya ci su ne kwaruruka irin na Magiya.

Ƙanƙara da jigawa

Wajen shekara 20,000 da suka wuce duniya ta yi sanyi. Ƙanƙara mai kaurin kilomita 2 zuwa 3 ta rufe arewacin Turai da na Amurka. Ba ta zo nan ba, amma ta taɓa mu, domin damana ta ragu ƙwarai. Hamada ta gangaro kudu, iska ta tara tulin rairayi har kusa da Kano. Da ƙanƙarar ta narke, wajen shekara 10,000 da suka wuce, ruwa ya dawo da yawa. Ciyawa da itatuwa suka tsiro, saiwoyinsu suka ɗaure rairayin. Wannan rairayi shi ne jigawar da muke shuka hatsi a yau.

A lokutan damana mai yawa, manyan koguna sun gangaro daga arewa zuwa kogin Kwara. Dallol Bosso da Dallol Mauri hanyoyinsu ne da suka ƙafe. Shi ya sa ruwan rijiya yake kusa a cikinsu.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, jigawa. Tulin hamada ce da ke barci, saiwa ce kaɗai ke riƙe da ita. In muka sare itatuwa, muka kwashe kara ƙaf, iskar hunturu za ta tashe ta. Mu bar kara a gona bayan girbi. Wajen sassabe, mu bar tohon gawo da kalgo da sabara su girma. Manoman Maraɗi sun kama wannan dabara tun wajen 1984, kuma gonaki da yawa sun farfaɗo.

Na biyu, tudu da fako. Marmara ba ta shan ruwa. Ruwan da ya sauka a kanta yakan gangaro da gudu, ya yanka kwazazzabo, ya binne fadama da rairayi. Maganinsa a jera duwatsu a gicciye, a gina rabin wata da tassa, a zuba taki a ciki. Wannan aiki aka soma a Kaita a 1984, mata da maza, har wuraren da suka mutu suka sake ba da hatsi da ciyawa.

Na uku, fadama. Lakarta daga tudu ta zo, ruwan rijiyarta ma daga tudu yake zuwa. Mai lambun albasa da ya ƙi taimakon aikin tudu, gonarsa yake bari a hannun ambaliya. Gyaran kwari daga sama yake farawa, don haka aikin gayya ne na gari duka.

Ƙasar da aka yi dubban shekaru ana tara ta, damana ɗaya tana iya kwashe ta. Mu soma jera duwatsu tun da rani, kafin ruwan farko ya sauka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne mafarin jigawa?
2. Me ya sa ruwa ke gudu a kan marmara?
3. Ina ruwan da ke cin gonakin garinku yake fitowa, kuma wa ya kamata ya tare shi?