GET ba wurin gogewa ba ne

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a kan sari ta kira ni hankalinta a tashe, wai littafin bashinta ya ɓace daga shafin shagon. Sunayen 'yan sari da abin da ake bin kowa, babu ko ɗaya. Kafin in iso har ta sallami yaron shagonta, ta ce shi ya goge don ya ci kuɗi. Wannan ya fi komai ƙona min rai, domin yaron bai taɓa komai ba.

Da na duba rajistar sabar, sai ga Googlebot, manhajar Google mai bin mahaɗan shafuka. Ɗan ƙawarta ne ya haɗa mata sabar a rabin farashi, ya ɗora gogewa a kan GET. Kowane suna da mahaɗin "goge" a gefensa, shafin kuma ba ya tambayar kowa kalmar sirri. Googlebot ya bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, sabar tana gogewa tana amsa masa da 200. Na tambayi saurayin ina kwafin ajiya, ya ce, "Ai Hajiya ba ta ce a yi ba." Ko kunya babu.

Abin takaici, tsohon ciwo ne. Tun 2005 Google Web Accelerator ya goge wa mutane bayanai ta wannan hanyar. RFC 9110 na 2022 ma ya sake faɗa: GET da HEAD na karatu ne kawai.

Masu haɗa sabar, ku ji. Gogewa aikin DELETE ne, ko POST idan fom ne, kuma sai an tantance mai buƙatar. PUT ko sau goma aka aiko, sakamako ɗaya ne. POST ba haka yake ba, shi ya sa a shafin nan ciniki ke shiga sau biyu in an sabunta shafi. Bayan POST a tura da 303. Hanyar da ba ku karɓa, ku mayar da 405 tare da Allow. Ku daina ba kuskure 200.

Na sake faɗa, kada GET ya canza komai.

Ku kuma masu ba da aiki, araha ba ta ado. Kafin ku biya, a dawo da kwafin ajiya a gabanku, ku gani da idonku.