Taurin Itace da Sunansa: Hornbeam a Ingilishi, Ƙirya a Hausa

Akwai wata bishiya da ke fitowa a kudancin Ingila da sauran ƙasashen Turai, wadda masana tsirrai suke kira Carpinus betulus, Ingilishi kuwa yake kiranta hornbeam. Ba ta fitowa a ƙasar Hausa, don haka Bahaushe bai raɗa mata suna ba. Abin da ya sa ta cancanci nazari shi ne yadda aka gina sunan nata, domin ya buɗe ƙofar duba yadda Hausa take yi da sunayen nata itatuwan.

Sunan harɗaɗɗe ne, watau kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko, horn, ita ce ƙaho, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne an kawo ta ne saboda taurin itacen. Ta biyu, beam, ita ce ta fi ban sha'awa. A Ingilishin yau ma'anarta azara ko doguwar katakon gini, amma a tsohon Ingilishi ma'anarta bishiya, kuma 'yar'uwa ce ga kalmar Jamusanci Baum. Ke nan tsohuwar ma'anar ta ɓace daga bakin jama'a, ta maƙale a cikin sunan wannan bishiya da wasu 'yan kaɗan irin su whitebeam. A da, da itacen ake yin karkiyar shanun noma, da haƙoran injin niƙa, da ƙotar kayan aiki, da gungumen da mahauta ke sara nama a kai, ana kuma ƙona shi gawayi. A Amurka akwai 'yar'uwarta, Carpinus caroliniana, wadda ake yi wa laƙabi da ironwood, watau itacen ƙarfe.

Idan aka nemi takwararta a Hausa ta fuskar aiki, ƙirya ce, wadda ake kira Prosopis africana. Ita ma Turawa sukan saka ta cikin itatuwan da suke ce wa itacen ƙarfe. Masassaƙa suna neman ta don turmi da taɓarya da ƙota, gara ba ta cin ta da sauƙi, gawayinta kuma shi maƙera suka fi so domin yana daɗewa yana ci da zafi. Marke na biye da ita wajen tauri. To amma sunan ƙirya, ga mai magana da Hausar yau, ba ya rarrabuwa gida biyu kamar na Ingilishi. Kalma ce guda, ba ta faɗin komai game da halin bishiyar. Wadda ta yi kama da hornbeam ta fuskar ginin suna ita ce maɗaci, domin ɗafa-goshin ma- aka liƙa wa ɗaci, aka sa wa bishiyar suna da ɗanɗanon ɓawonta.

Inda Hausa ta yi fice shi ne wajen barin sunan bishiya ya yi yawo. Ɗorawa ta ba da sunan launi, ana cewa ruwan ɗorawa, har wanda bai taɓa ganin garinta ba ya san abin da ake nufi. Tsamiya ta ba da sunan zaren da ake samu daga saƙar wata tsutsa mai cin ganyenta, daga nan aka sami rigar tsamiya ta manya. Kuka kuwa, a bakin mai girki, garin miya ce kafin ta zama bishiya. Haka nan sunayen wurare: a Kano akwai Ɗorayi da Giginyu, waɗanda jam'in ɗorawa da giginya ne, ga Kurna, ga Rimin Gado, a Jihar Jigawa akwai Taura da Kanya Babba da Maɗaci, dukkansu sunayen itatuwa ne. Wannan daidai yake da abin da ya faru da beam, sai dai a Ingilishi sunan bishiyar ne ya adana tsohuwar kalma, a nan kuwa sunan gari ne yake adana bishiyar da wataƙila an daɗe da sare ta.

Wani abin lura kuma shi ne wadda Bahaushe ya zaɓa in zai kwatanta babban mutum. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka kashe a 1966, Gamji ake yi masa laƙabi. Gamji dangin ɓaure ne, itacensa ba shi da taurin a zo a gani, masassaƙi ba zai bar ƙirya ya nufe shi ba. Abin da yake da shi girma ne da faɗin inuwa. Karin maganar inuwar giginya, wadda na nesa ke sha, zargi ne ta wannan ma'aunin. Za a iya cewa a wurin Bahaushe inuwa ta fi tauri daraja in ana maganar shugabanci, ƙirya kuwa an bar ta a maƙera da gindin turmi.

A Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, unguwanni irin su Yalwawa sun cika da gidaje, buƙatar itacen girki da gawayi ta ƙaru, kuma itace mai tauri shi mai gawayi ke fara nema. Ƙirya ba ta saurin girma. Yaron da ya tashi a irin wannan unguwa yana iya daka a turmin ƙirya bai san sunan itacen ba. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, G. P. Bargery ya shigar da da yawa a ƙamusunsa na 1934, amma ƙamus suna yake riƙewa da ɗan bayani. Yadda masassaƙi ke bambance ƙirya da marke ta launin cikin itace da nauyinsa a hannu, da kalmomin da yake amfani da su wajen hakan, suna bakin masassaƙa da maƙeran ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu, kuma ɗalibin da ke neman batun kundinsa na digiri zai same su a ranar kasuwa.